Yadda za ka bi sawun zaɓen gwamna daga nan Kumasi: fara da fitar da gwani

Na rubuta wannan ne domin 'yan'uwana na Zango, musamman matasan Aboabo da Asawase da Sawaba waɗanda ke da dangi a Kano, kuma siyasar can take shigo musu waya safe da yamma. Ba mu da ƙuri'a a zaɓen Najeriya, domin har waɗanda ke riƙe da katin zaɓen can sai sun koma gida suke jefawa. Amma abin ya shafe mu. Kakana goro ya kawo shi ƙasar Asante, ni kuma shadda da huluna nake sarowa daga Kano ina sayarwa a Kejetia, don haka wanda ya zama gwamna a can yana taɓa kasuwar da nake ci daga gare ta. Abin da ya fi damuna shi ne daga watan Satumban 2023 zuwa Janairun 2024 na ga mutanen da suke shan ataya tare shekara da shekaru sun daina gaisawa a kan hukuncin kotu game da zaɓen gwamnan Kano, wanda babu wanda ya karanta shi a cikinsu. Duk wanda zai yi musu a kan zaɓen gwamna da ya wuce, ina so ya san hanyar da zai bi ya gano abin da ya faru da kansa. Zan yi amfani da zaɓen Kano na 2023, shi na fi sani.

Kafin komai, ka ajiye ma'aunin Ghana a gefe. Mu a nan ba ma zaɓen gwamna. Shugaban ƙasa ne ke naɗa ministan yanki a kowane ɗaya daga cikin yankuna 16, shi ne kuma ke gabatar da sunan shugaban gunduma 'yan majalisar gundumar su amince. Gwamna a Najeriya wani abu ne daban: jama'a ke zaɓensa, yana da majalisar dokokin jiharsa da kasafin kuɗinsa, kuma shugaban ƙasa ba shi da ikon cire shi don kawai sun saɓa. Bambanci na biyu shi ne ya fi muhimmanci ga maganarmu. A Ghana in jam'iyya ta hana ka tikiti kana iya tsayawa da ƙafarka. Mun gani a Fomena a 2020, inda Andrew Asiamah Amoako ya tsaya ba jam'iyya ya ci kujerarsa. A Najeriya babu wannan ƙofar. Sashe na 177 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce mai neman gwamna sai ya kasance ɗan ƙasa ta haihuwa, ya kai shekara 35, yana da ilimin sakandare ko daidai da shi, sannan ya zama ɗan jam'iyya kuma jam'iyyar ce ta tsayar da shi. Wannan sharaɗi na ƙarshe ne ya sa tikiti ya zama rabin yaƙin. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma Larabar zaɓen gwamna ita ce fitar da gwani.

To ka samu takarda da biro, ko ka buɗe wurin rubutu a wayarka. Ka rubuta shekarar zaɓen, sannan ka koma baya da shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Daga nan za ka fara.

Tambayar farko: wa ke riƙe da shugabancin jam'iyya a jihar? Mutane da yawa suna tsallake wannan, alhali a nan ake ƙulla komai. A shirin zaɓen 2023, shugabannin mazaɓu da na ƙananan hukumomi da na jiha su ne ke da hannu wajen fitar da daliget, daliget kuma su suka zaɓi ɗan takara a manyan jam'iyyu. A Kano, a watan Oktoban 2021, APC ta yi taron zaɓen shugabanni gida biyu. Tsagin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya fitar da Abdullahi Abbas, tsagin Sanata Ibrahim Shekarau ya fitar da Ahmadu Haruna Zago. Wata babbar kotu a Abuja ta fara ba tsagin Shekarau gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe wannan hukunci a Fabrairun 2022, kotun ƙoli kuma ta tabbatar wa tsagin Ganduje a watan Mayu. Ka lura da watan. Daidai lokacin ne ake shirin fitar da gwani, don haka duk wanda ya rasa jam'iyya a wannan hukunci ya san ba shi da tikiti. Shekarau ya koma NNPP a cikin watan, haka Kawu Sumaila da Abdulmumin Jibrin su ma suka bar APC zuwa can. Shi kuwa Rabi'u Musa Kwankwaso tun a watan Maris ya bar PDP ya shiga NNPP da mutanensa masu jar hula. In ka jera waɗannan sauye-sauyen sheƙa bisa watanninsu, za ka ga yadda jam'iyyar da a 2019 ba a jin ɗuriyarta a Kano ta zama babbar mai ƙalubalantar gwamnati.

Tambaya ta biyu: ta wace hanya aka fitar da ɗan takarar? Dokar zaɓe ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairun shekarar, ita ce ta yi aiki a kan wannan zaɓe, kuma sashe na 84 nata ya ba da hanyoyi uku. Akwai ƙato-bayan-ƙato, inda duk mai katin jam'iyya yake da ƙuri'a. Akwai zaɓen daliget. Akwai kuma masalaha, wadda dokar ta ce ba ta tabbata sai duk waɗanda aka tantance sun rubuta da hannunsu cewa sun janye sun amince da mutum ɗaya. Kada ka ɗauki dokar wani zaɓe ka auna wani da ita. Zaɓen 2019 a ƙarƙashin dokar 2010 aka yi shi, kuma ana yawan yi wa dokar gyara, saboda haka kowane zaɓe ka nemi dokar zamaninsa.

A nan nake so ka tsaya ka nutsu, domin nan ne labaran waya suka fi ruɗa mutane. Sau da yawa za ka ji an ce "an yi masalaha", alhali abin da ya faru shi ne manya sun zauna sun nuna wanda suke so, sannan aka je aka yi zaɓen daliget domin cika ƙa'ida. Haka aka yi a APC ta Kano. Ganduje da masu ruwa da tsaki suka tsayar da mataimakinsa Nasiru Yusuf Gawuna, da Murtala Sule Garo a matsayin mataimaki. Sanata Barau Jibrin, wanda ya daɗe yana neman kujerar, ya koma takarar Sanatan Kano ta Arewa. Amma Sha'aban Ibrahim Sharada, ɗan majalisar wakilai na Birni a lokacin, bai janye ba, aka shiga zaɓe a watan Mayun 2022, Gawuna ya kayar da shi da rata mai yawa. Sharada bai yarda da yadda aka yi ba, daga baya ya tafi ADP ya yi takarar gwamna a can. Idan ka san Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kuma APC daliget biyar ta ɗauka daga kowace mazaɓa, za ka ga cewa mutum 2,420 ne aka ɗora wa yanke wa jam'iyya hukunci a jihar da masu rajistar zaɓe suka haura miliyan biyar. Ni a ganina wannan ne babban raunin tsarin daliget, can da nan. Mu ma mun san yadda gari ke ɗaukar zafi a Asawase duk lokacin da NDC za ta fitar da ɗan majalisa. Kada kuma ka manta da kuɗin fom: a 2022 APC ta sayar da na gwamna naira miliyan 50, PDP miliyan 21. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka su wa ke iya shiga fagen tun farko.

A NNPP babu wata doguwar ja-in-ja, Abba Kabir Yusuf shi ne ɗan takarar Kwankwasiyya kamar yadda ya kasance a 2019, Aminu Abdussalam Gwarzo yana mataimaki. PDP kuwa ta shiga zaɓen da rigima a gida tsakanin Mohammed Abacha da Sadiq Aminu Wali, kowa yana cewa shi ne halastaccen ɗan takara, aka yi ta hawa da sauka a kotu har ta tsaya a kan Wali. Jam'iyyar da ta samu ƙuri'a sama da miliyan ɗaya a 2019 ba ta kai 20,000 ba a 2023. Mutanenta sun riga sun tafi tun kafin a buga takardar ƙuri'a.

Tambaya ta uku ta takardu ce da kwanaki, kuma ita ce ke raba mai sani da mai jin ƙishin-ƙishin. Dokar 2022 ta ce jam'iyya ta sanar da hukumar zaɓe ta INEC kwana 21 kafin ta yi fitar da gwani, domin hukumar ta aika masu sa ido. Ta ce ta miƙa rajistar 'ya'yanta kwana 30 kafin ranar. Ta ce ta miƙa sunan ɗan takara aƙalla kwana 180 kafin babban zaɓe, kuma ba a sauya suna sai in mutum ya rasu ko ya janye da kansa a rubuce. Wanda yake ganin an zalunce shi a fitar da gwani yana da kwana 14 kacal ya shigar da ƙara. Ka rubuta waɗannan lambobi huɗu, 21 da 30 da 180 da 14, domin a zaɓen 2023 shari'un tikiti da yawa a kansu suka juya. INEC tana fitar da jerin sunayen 'yan takara na ƙarshe a shafinta na intanet. Sunan da ke wannan jeri shi za ka riƙe, ko da fasta ta cika gari da wani suna.

Idan kana shakkar cewa waɗannan ƙa'idoji suna da haƙora, ka duba Zamfara a 2019. Rikici tsakanin tsagin Gwamna Abdul'aziz Yari da na Sanata Kabiru Marafa ya hana APC yin fitar da gwani mai inganci kafin wa'adin INEC ya cika a Oktoban 2018. Duk da haka ta shiga zaɓe, ɗan takararta Mukhtar Shehu Idris ya samu ƙuri'a 534,541, Bello Matawalle na PDP ya samu 189,452. Ranar 24 ga Mayun 2019, saura kwana biyar a rantsar da sababbin gwamnoni, kotun ƙoli ta ce APC ba ta da 'yan takara a Zamfara, duk ƙuri'unta sun tafi a banza. Matawalle ya zama gwamna, kujerun majalisun tarayya da na jiha ma suka suɓuce wa APC. A Bayelsa ma a Fabrairun 2020 kotun ƙoli ta cire David Lyon ana gobe za a rantsar da shi, saboda matsalar takardun mataimakinsa. Shi ya sa nake cewa ka duba sunan mataimaki kamar yadda kake duba na uban tafiyar.

Sai yanzu ka iso ranar zaɓe. Na Kano an shirya shi ranar 11 ga Maris 2023, aka ɗage zuwa 18 ga wata domin a sake saita na'urar BVAS mai tantance masu zaɓe bayan zaɓen shugaban ƙasa. Abba Kabir Yusuf ya samu 1,019,602, Gawuna ya samu 890,705, ratar 128,897 ke nan. Ka saba da yin wannan ɗebewar da kanka. Sannan ka sani rinjaye kaɗai bai isa ba. Sashe na 179 ya ce sai mai rinjayen ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a aƙalla biyu cikin uku na ƙananan hukumomin jihar, wato 30 cikin 44 a Kano. Takardar sakamakon rumfa ana kiranta EC8A, ita ce daidai da takardar nan mai ruwan hoda da wakilan jam'iyya ke sa wa hannu a rumfunanmu na Ghana. Daga ita ake haɗa na mazaɓa, sai na ƙaramar hukuma, sai na jiha. A 2023 INEC ta riƙa ɗora hotunan waɗannan takardu a shafinta na IReV. In wani ya turo maka hoton sakamako, ka nemi lambar rumfar da sa hannun jami'in zaɓe da na wakilan jam'iyyu. In babu su, kada ka tura wa kowa.

Akwai kalmar da duk Bakano ya sani tun 2019, wato inkwankulusib, kuma ya kamata ka san lissafin da ke bayanta. Ƙa'idar INEC ita ce idan ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu zaɓe a rumfunan da aka soke ba, ba a bayyana wanda ya ci sai an sake zaɓe a wuraren. A zagayen farko na 9 ga Maris 2019 Abba, yana PDP a lokacin, yana gaban Ganduje da ƙuri'a 26,655, amma abin da aka soke ya fi haka nesa ba kusa ba, har da mazaɓar Gama a ƙaramar hukumar Nasarawa. Aka sake ranar 23 ga Maris, cikin rahotannin tashin hankali da masu sa ido suka yi ta kokawa a kai, Ganduje ya ƙare da 1,033,695, Abba 1,024,713. Kotun ƙoli ta tabbatar wa Ganduje a Janairun 2020. Wanda bai san wannan ba ba zai gane dalilin da ya sa mutanen Kano suka kwana a bakin akwatunansu a 2023 ba.

Yanzu mataki na ƙarshe kuma mafi tsawo, kotu. Shari'ar zaɓen gwamna hawa uku gare ta. Ana shigar da ƙara cikin kwana 21 bayan bayyana sakamako, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe tana da kwana 180, kotun ɗaukaka ƙara kwana 60, kotun ƙoli ma kwana 60. Gwamnan da aka rantsar yana nan a kujerarsa har a kai ƙarshe. Wannan ne mutanenmu da yawa ba su riƙe ba. Ranar da hukuncin farko ya fito wani dattijo maƙwabcina ya tare ni bayan la'asar ya ce, "Kai yaro, ashe an tsige Abba?" Na ce, "Baba Alhaji, ba a tsige shi ba tukuna, saura hawa biyu." Ya ce to shi a waya aka ce masa gobe za a rantsar da Gawuna. Irin wannan saƙon ne ke raba zumunci.

A kowane hawa ka tambayi abu ɗaya: a kan wane dalili aka yanke? Ranar 20 ga Satumban 2023 kotun farko, wadda ta karanta hukuncinta ta Zoom, ta zabge wa Abba ƙuri'a 165,663 a kan cewa takardun ƙuri'ar ba su da hatimi da sa hannu da kwanan wata. Abin da ya rage masa 853,939, ƙasa da na Gawuna, sai ta ce Gawuna ne ya ci. Duk wanda ya bi shari'ar zaɓen shugaban ƙasarmu ta 2012, wadda aka yanke ranar 29 ga Agustan 2013, zai tuna cewa takardun da jami'ai ba su sa wa hannu ba suna cikin abin da aka yi ta muhawara a kai. Tambayar iri ɗaya ce: kuskuren ma'aikaci zai iya kashe ƙuri'ar talakan da ya bi layi tun safe?

Ranar 17 ga Nuwamba kotun ɗaukaka ƙara a Abuja ta sake kayar da Abba, amma ta fi dogara a kan wani dalili: ta ce sunansa ba ya cikin rajistar 'ya'yan NNPP da aka miƙa wa INEC, don haka bai cika sharaɗin sashe na 177 ba. Ka ga maganar ta koma fitar da gwani, wurin da na ce ka fara. Daga baya rubutaccen hukuncin ya fito da wani sashe da ya saɓa wa abin da aka karanta a zauren kotu, kotun ta ce kuskuren rubutu ne, abin ya ƙara wa jama'a ruɗani da zafin rai. Ranar 12 ga Janairun 2024 kotun ƙoli, ta bakin Mai shari'a John Inyang Okoro, ta rushe duka biyun. Ta mayar wa Abba ƙuri'unsa, domin dokar zaɓe ta yarda a ƙirga takardar da ba ta da hatimi muddin an gamsu daga cikin waɗanda hukuma ta bayar ta fito. Game da rajista kuwa ta ce batun wane ne ɗan jam'iyya da wanda ta tsayar harkar cikin gidan jam'iyya ce, kuma magana ce ta kafin zaɓe, ba hurumin wata jam'iyya ba ne ta zo bayan zaɓe ta tayar da ita.

Ka haɗa wannan da na Zamfara za ka ga inda bambancin yake. A Zamfara 'yan cikin gidan APC ne da kansu suka kai ƙara tun kafin zaɓe, a kan ko an yi fitar da gwani ko ba a yi ba. A Kano abokan hamayya ne suka tayar da maganar bayan an gama zaɓe. Saboda haka duk shari'ar tikiti da ka ci karo da ita, ka rubuta wa ya kai ƙarar, ɗan gida ne ko na waje, kuma yaushe ya kai. Ni dai ina ganin hukuncin ƙarshe na Kano ya fi kusa da adalci, domin bai ɗora wa masu zaɓe laifin da ba nasu ba. Wanda ke goyon bayan Gawuna yana iya saɓa mini, kuma zan zauna da shi mu tattauna, amma a kan waɗannan dalilai da kotunan suka faɗa.

Game da inda za ka samo labari, ka ware wanda ya halarci wuri daga wanda ya ji a bakin wani. BBC Hausa da Aminiya da Freedom Radio ta Kano duk sun bi waɗannan al'amura, kuma tsofaffin rahotanninsu suna ɗauke da kwanan wata. Ka rubuta sunan ɗan takara da shekara a wurin bincike, ka karanta rahoto biyu daga kafofi daban-daban a kan abu ɗaya kafin ka shigar da shi takardarka. Dangi na can ma suna da amfani, amma ka tambaye su abin da suka gani a rumfarsu da mazaɓarsu, wannan shi suka sani da ido. Ka kuma san hular da kowa yake sakawa kafin ka auna maganarsa.

In ka gama da Kano, ka gwada hannunka a Sakkwato ta 2019, tunda akwai Sakkwatawa da yawa a Zangonmu. Ka fara daga Agustan 2018, lokacin da Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya bar APC ya koma PDP, mataimakinsa Ahmad Aliyu ya ƙi binsa ya tsaya tare da Sanata Aliyu Magatakarda Wamakko har ya samu tikitin APC. Shi ma wannan zaɓen sai da aka je zagaye na biyu, kuma Tambuwal ya tsira da ratar ƙuri'a 342 kacal. Ka nemo yadda kowannensu ya samu tikitinsa, sannan ka bi Ahmad Aliyu zuwa fitar da gwanin 2022 da zaɓen 2023 da ya kai shi gidan gwamnati.